Yaushe Za Ka Saki Manhajarka ga Jama'a? Jagora ga Matasan Kumasi Masu Kafa Sabon Kamfani

Matashin da ke gina manhaja, ko a ɗakinsa a Aboabo yake ko a ɗakin kwanan ɗalibai na jami'ar KNUST, akwai tambayar da ke hana shi barci fiye da ta kuɗi: in sake ta yanzu, ko in ƙara gyarawa? Amsata ita ce kada ka jira ranar da za ka gama, don wannan ranar ba ta zuwa. Ranar saki ita ce ranar da mutumin da bai san ka ba zai ɗauki abin da ka gina, ya yi aiki guda ɗaya da shi daga farko har ƙarshe ba tare da kana tsaye a kansa ba, kuma ko abin ya sami tangarɗa, kuɗinsa da sirrinsa da mutuncinsa ba za su taɓu ba. In ka kai nan, duk makon da ka ƙara a ɓoye asara ce. In ba ka kai ba, ko shekara biyu ka yi kana aiki, ba ka shirya ba.

Zan bi matakan da misali ɗaya don maganar ta zauna. A ce manhajar teloli kake ginawa, irin telolinmu na Alabar da Asawase da Sawaba, waɗanda littafin awonsu ya sha jiki, kuma duk Sallah sai an yi rigima a kan ɗinkin da ba a gama ba. In naka abin na kai abinci ne, ko na makarantun Islamiyya, ko na masu aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, sai ka sauya sunaye. Hanyar ɗaya ce.

Mataki na farko: faɗi aikin cikin numfashi ɗaya

Ɗauki takarda ka rubuta jimla ɗaya tak: wa zai yi amfani da ita, me zai yi, me zai samu. Ta telolinmu ga ta: "Tela zai rubuta awo da kafin alƙalami da ranar karɓar ɗinki, waya ta tuna masa saura kwana uku." Shi ke nan. Duk abin da ba ya cikin jimlar nan ba ya cikin fitowar farko. Ba hotunan samfurin ɗinki, ba shafin sayar da shadda da atamfa, ba rahoton ribar wata. Faɗi jimlar ga tela da Hausa, ka faɗa wa wani da Twi. In sai ka ƙara bayani kafin ya gyaɗa kai, jimlar ce ba ta nuna ba, manhajar ma ba za ta nuna ba.

Mataki na biyu: yi aikin da hannunka tukuna

Yawancinmu mun ɗauka saki shi ne ranar da manhaja ta hau Play Store. Alhali sakin farko yakan zo tun kafin ka rubuta layi ɗaya a kwamfuta. A 1999, Nick Swinmurn a Amurka ya so ya san ko mutane za su sayi takalmi ta intanet ba tare da sun sa a ƙafa ba. Bai kama sito ba, bai sari kaya ba. Shagunan takalma ya shiga yana ɗaukar hoto yana ɗorawa a shafinsa. In wani ya saya, sai ya koma shagon ya biya, ya aika masa. Wannan shi ne mafarin Zappos, wanda Amazon ya saya a 2009. A nan gida ma, Hubtel da ake biyan kuɗi da shi a yau ya fara ne a 2005 da sunan SMSGH, aikinsa tura saƙon tes. Farmerline, wanda aka kafa a nan Kumasi a 2013, ya yi suna ne da tura wa manoma saƙon murya cikin harsunansu a kan yanayi da farashi da dabarun noma. Babu wanda ya fito da duk abin da yake da shi a yau.

To kai ma nemi teloli biyar. Roƙe su duk yamma su ɗauki hoton shafin littafinsu su turo maka ta WhatsApp. Kai ka shigar a kwamfutarka, kai ka riƙa tura musu tunatarwa da hannu. Yi haka mako biyu. A nan za ka ga abubuwan da ba ka taɓa tunani ba a ɗaki. Za ka iya tarar cewa tela ba ya rubuta suna, sai dai "Hajiya mai koren leshi". Za ka iya tarar cewa wasu ba a auna su, tsohuwar riga suke kawowa a bi. Wataƙila ma ba Masta ne ke riƙe da littafin ba, yaron shago ne. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai sauya yadda za ka tsara manhajar, kuma gara ka sani yanzu da bayan wata shida.

In kuma cikin biyar ɗin babu wanda ya jure turo hoto har mako biyu, alhali kyauta ne kuma kai ke yin wahalar, tsaya ka yi tunani sosai. Matsalar ba ta ci musu tuwo a ƙwarya kamar yadda ka zata ba.

Mataki na uku: raba kurakuranka gida biyu

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan zan daɗe.

Reid Hoffman, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa LinkedIn, yana da maganar da ta yaɗu a duniyar masu kafa kamfani, cewa in fitowar farko ta kayanka ba ta ba ka kunya ba, to ka makara. Na yarda da ita, amma ina jin tsoron yadda matasa ke ɗaukarta, kamar izini ce ta sakin komai a kowane hali. Kurakurai iri biyu ne: akwai na kunya, akwai na cin amana.

Na kunya su ne waɗanda kai suke damu. Launin bai yi kyau ba. Tambarin kamfani da kanka ka zana. Shafi yana ɗan jinkiri kafin ya buɗe. Babu ta iPhone. Wani saƙo ya fito da Turanci maimakon Hausa. Abokanka da suka yi karatun kwamfuta za su gani su yi murmushi, amma telan ko a jikinsa. Waɗannan duka ka saki da su, kada su tsayar da kai ko kwana ɗaya.

Na cin amana su ne waɗanda wani ke ɗaukar asararsu. Hajiya ta ba da kafin alƙalami sidi 150, manhaja ta nuna 50. Ranar karɓar ɗinki ta zo, ita ta rantse, tela ya nuna mata waya. Wa ya yi ƙarya? Babu. Amma cinikin shekara goma ya lalace, kuma sunan telan ne ya fara ɓaci kafin naka. Ko awon mutum arba'in ya ɓace ana saura mako ɗaya Sallah, bayan ka sa tela ya ajiye littafinsa. Ko wani tela ya buɗe wayarsa ya ga lambobi da awon matan da ke ɗinki a wani shagon. Kuskure ɗaya irin wannan ya isa ka dakata, ko da ka riga ka sanar da rana.

Dalilin da ya sa nake matsawa a kan wannan shi ne yanayin Zango. A babban birnin da ba a san juna ba, in ka ɓata wa mutum ɗari, gobe ka nemi wasu ɗari. Mu kuwa jama'ar da za ka fara da su su ne waɗanda kuke sahu ɗaya ranar Juma'a, suka san mahaifinka, suke zuwa sunan gidanku. Labari yakan tashi daga shago ya isa majalisar ataya kafin magariba, ya shiga zauren WhatsApp na mata kafin isha'i. Wannan kusancin shi ne jarinka mafi girma, don shi zai sa a ba ka dama ba tare da talla ba. Amma dama ɗaya ce, ta biyu tana da tsada.

Saboda haka zauna da yamma ɗaya ka yi wa manhajar mugunta da gangan. Kashe data a tsakiyar ajiye awo, ka ga ko ta ajiye ko ta yi ƙaryar ta ajiye. Danna maɓalli sau biyu da sauri, ka ga ko kuɗin ya ninka. Kashe wayar ɗungurungum kamar caji ya ƙare lokacin ɗauke wuta. Goge manhajar, ka sauke ta a wata wayar, ka ga ko bayanan sun dawo, don wayoyi suna faɗawa ruwa, ana kuma sace su a cunkoson kasuwar Kejetia. Shiga da asusun tela na biyu, ka yi duk dabarar da ka sani don ka leƙa na farko. Sannan ajiyar kwafin da kake taƙama da ita, maido da ita da hannunka sau ɗaya ka gani da idonka. Kwafin da ba a taɓa maidowa ba, ba a san ko yana nan ba.

Rubuta duk abin da ka gano a layi biyu. Layin amana sai ya zama fanko kafin ka saki. Layin kunya kuwa ya yi tsawonsa.

Mataki na huɗu: gwajin baƙo

Ƙaninka ba baƙo ba ne. Abokin karatunka ma haka. Suna son ka, kuma sun saba da waya fiye da wanda ka gina wa abin. Nemi telan da bai san ka ba, ka je shagonsa lokacin aiki, keke yana ƙara, rediyo yana yi, yara biyu suna guga, tef yana rataye a wuyansa. A wayarsa za a gwada, ba a taka ba: Tecno ko itel mai fasasshen gilashi, wadda ta cika da bidiyo har sai an goge wani abu kafin manhajarka ta shiga. In girmanta ya sa ya ce ba shi da wuri ko ba shi da data, ka riga ka koyi darasi na farko.

Bayan gaisuwa ka ce, "Masta, don Allah a taimaka a sa awon kwastoma ɗaya a nan. Ni dai kallo zan yi." Sai ka sa hannuwanka a aljihu. Zai duba, ya ɗago ya ce, "Yaro, ina zan danna?" Nan ne jarrabawar. Bakinka zai yi ƙaiƙayi, yatsanka zai so ya miƙe. Ka daure, ka ce cikin ladabi, "Masta, da ba na nan, ina za a danna?" Inda yatsansa ya nufa, nan ya kamata maɓallin ya kasance. Lura da inda ya tsaya, da kalmar da ya karanta sau biyu, da lokacin da ya miƙa wa yaronsa wayar. In ya miƙa, to yaron ne mai amfani da manhajarka na gaskiya, shi za ka gina wa.

Yi haka da mutum biyar zuwa goma. In mafi yawansu sun kai ƙarshe ba ka ce uffan ba, ka wuce wannan matakin. In duk a wuri ɗaya suke maƙalewa, gyara wurin kawai ka koma. Kada ka koma ɗaki ka sake gina komai daga tushe.

Mataki na biyar: takardu

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, amma kada ka tsallake. Yi rajistar sunan kasuwancinka a ofishin rajistar kamfanoni. Ga ɗan ƙasa, lambar Ghana Card ita ce lambar harajinsa tun 2021. Tunda kana tara sunaye da lambobin wayar mutane, dokar kare bayanai ta 2012, wato Act 843, ta hau kanka, kuma tana buƙatar ka yi rajista da hukumar kare bayanai. In kuwa manhajarka za ta riƙe kuɗin mutane ko ta wuce da su daga hannu zuwa hannu, ka shiga hurumin Babban Bankin Gana a ƙarƙashin dokar 2019, Act 987, kuma wannan sai da lasisi. Shawarata ga mai farawa: kada kuɗin kowa ya kwana a hannunka. Bari kwastoma ya tura wa tela kuɗi ta waya, wato MoMo, kai tsaye, manhajarka ta rubuta kawai. In lallai sai an biya ta cikinta, bi ta kamfanin da ya riga ya sami lasisi. Mai harkar abinci na roba ko kwalba, ko magani, ko man shafawa, sai ya bi ta hukumar kula da abinci da magunguna, wato FDA, kafin ya kai kasuwa. A waɗannan fannonin babu zancen a saki a gyara daga baya.

Abu ɗaya kuma da ke ba mutane mamaki: Google yana karɓar dala 25 sau ɗaya don buɗe asusun Play Store, kuma sabon asusu na mutum ɗaya sai ya yi rufaffen gwaji da aƙalla mutum 12 na kwana 14 a jere kafin a bar shi ya saki ga kowa. Sa wannan a lissafin ranakunka. Ni ma ina ganinsa alheri ne, don telolin nan naka za su shiga cikin mutum 12 ɗin.

Mataki na shida: buɗe ƙaramar ƙofa, a lokacin da ya dace

Saki ba biki ba ne. Ba ka buƙatar zaure da kujerun haya da lasifika. Fara da adadin da kai kaɗai za ka iya amsa kiransu, a ce shago goma zuwa ashirin, a unguwa ɗaya da za ka iya zagayawa da ƙafa ko ka hau pragya, wato babur mai ƙafa uku na fasinja, ka isa cikin minti goma. Ba su lambarka ta gaskiya. Faɗa musu gaskiya: "Sabon abu ne, zai iya yin kuskure, don haka a ci gaba da rubutu a littafi na wata ɗaya tukuna." Wannan jimlar ba ta rage maka daraja. Ita ce ke mayar da kuskuren da zai iya zama cin amana ya koma ƙaramin abu.

Sai lokaci. Kalandar kwastomanka za ka bi, ba taka ba. Tela a goman ƙarshe na azumi ba ya da minti ɗaya na koyon sabon abu, kwana yake a kan keke. Haka 'yan kasuwar Adum da Kejetia a watan Disamba. Shiga shagon wata biyu kafin azumi, lokacin da aiki ya lafa, don hannunsa ya saba kafin cunkoso, cunkoson kuma ya zame maka jarrabawa ta gaske. Mai manhajar makaranta ya shiga lokacin hutu, kafin a koma sabon zangon karatu. Kuma kada ka saki sabon gyara da yammacin Alhamis ko ranar da za ka yi tafiya. Saki da safe, ranar da kake zaune kusa da kwamfuta.

Mataki na bakwai: karɓi kuɗi tun farko

Mutanenmu suna da kara. Ka nuna wa dattijo abin da ka gina, zai ce, "Kai, madalla, Allah ya sa albarka." Addu'a ce, ka karɓa da hannu biyu ka ce amin. Amma ba ita ce shaidar yana buƙatar abin ba. Shaida ita ce ya ciro waya ya danna *170# ya turo maka sidi goma ko ashirin na wata. MoMo yana ƙasar nan tun 2009, tun 2018 ana iya turawa tsakanin layuka daban-daban, harajin tura kuɗi ta waya, wato E-Levy, ma an soke shi a 2025, don haka ba ka da uzurin cewa biyan ƙaramin kuɗi yana da wahala. In kana so ka ba da makonni biyu kyauta, ba laifi, amma faɗi farashin tun ranar farko. Wanda ya saba da kyauta wata shida, ranar da ka ambaci kuɗi zai ga kamar ka sauya hali.

Mataki na takwas: sa rana, sannan ka kalli abin da ya dace

In layin amana ya zama fanko, baƙi sun wuce gwaji, takardu sun kama hanya, sa rana cikin mako biyu ka faɗa wa telolin, don kunyar saɓa musu ta hana ka ɗagawa. Akwai alamun da ke nuna ka riga ka makara. Kana ƙara abubuwan da babu wanda ya roƙa. Ka sauya launi sau uku. Kana cewa sai mai zuba jari ya shigo, alhali shi ma masu amfani yake so ya gani kafin ya sa hannu a aljihu. Kana ɓoye abin don kada a sace dabarar, alhali abin da ba ya satuwa shi ne sanin da za ka yi wa shagunan nan ashirin. Lissafa kuma wata nawa kuɗin hannunka zai kai ka. In wata shida ne, kada ka saki a na biyar, don fitowar farko kusan kullum tana buƙatar gyara zagaye biyu ko uku, kowanne kuma yana cin makonni.

Bayan saki, kada yawan waɗanda suka sauke manhajar ya ruɗe ka, ko yawan masu yabo a Facebook. Abu uku za ka duba duk mako: shago nawa ne suka shigar da sabon awo ba tare da ka tuna musu ba, nawa ne suka biya wata na biyu, kuma akwai wanda ya kawo maka wani telan da kansa? Alamar da ta fi faranta mini rai ita ce kiran fushi. Ranar da sabar, wato kwamfutar da manhajar ke dogaro da ita, ta tsaya awa ɗaya, Masta ya kira yana faɗa cewa ka tsayar masa da aiki, to abin ya shiga cikin sana'arsa. Wanda bai damu ba ba ya kira, shiru kawai yake yi. Masu shirun nan su za ka bi har shago, ka zauna a benci ka tambaya, "Masta, me ya sa aka koma littafi?" Kada ka kare kanka, rubuta amsar kawai.

In fiye da rabi suna dawowa da kansu bayan wata guda, ninka adadin, ka shiga unguwa ta biyu, sannan ka fara tunanin Nima da Madina a Accra. In kaɗan ne suka ci gaba da amfani da ita, duba me ya haɗa su. Wataƙila duk masu ɗinkin mata ne, ko duk shaguna ne masu yara da yawa. Ka taƙaita a kansu, ka sake rubuta jimlarka ta farko. In kuwa kuskuren amana ya ɓullo bayan saki, dakatar da shigar sababbi a ranar, ka kira duk wanda abin ya shafa kafin shi ya kira ka, ka buga wa kowane tela awon kwastomominsa a takarda ka kai masa shago, ka mayar da kuɗin watan. Sai ka gyara, ka maimaita gwaje-gwajen mataki na uku gaba ɗaya, ka sake buɗewa da shago biyar.